RA'AYINMU: KADA A TOSHE TIRAKA, KADA KUMA A MAI DA ITA BULALA

Duk wanda ke zama da direbobin manyan motoci a tashoshin Kudu, ko a Mile 12 ne, ko Agege, ko Apapa, ko Ogere a kan hanyar Badun, ko can Anacha da Fatakwal, ya san ba a yin doguwar hira ba a ambaci tiraka ba. Ita ce na'urar nan da masu motoci ke ɓoyewa a jikin tirela ko tanka, wadda ke nuna wa mai mota inda motarsa take ko da yana kwance a ɗakinsa a Kano. Maganarta ta wuce manyan motoci ma, domin 'yan'uwanmu da suka karɓi babur ko Keke Napep a kan biya kaɗan-kaɗan su ma sun san ta.

To, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne wata na'ura ta biyu da ake kwaɗaita wa direbobi. 'Yar ƙarama ce, da kaɗan ta fi abin cajin waya girma, da ɗan ƙaho a kanta, ana cusa ta a ramin nan na kunna taba da ke gaban mota. Mai talla zai ce maka da zarar ka cusa ta ubangidanka ya makance, ka bi hanyar da ka ga dama, ka kwana inda ka so. Mu a nan za mu kira ta matoshi. Ra'ayinmu a kanta a fili yake: kada kowa ya saya, wanda ya riga ya saya kuma ya raba kansa da ita. Amma ba za mu tsaya nan ba, don masu motoci ma akwai tasu maganar.

Kafin a gane ɓarnar matoshi sai an san yadda tiraka take gane wuri. Akwai wasu taurarin ɗan'adam da ake kira GPS, mallakar sojan Amurka. An fara shirinsu a 1973, aka harba na farko a 1978, ba su cika aiki sosai ba sai a 1995, bayan sun riga sun kai 24. Suna can sama wajen kilomita 20,200, watau kamar nisan Kano zuwa Ikko sau ashirin, kuma kowannensu yana zagaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Da farko don yaƙi aka yi su. A ranar 1 ga watan Satumba na 1983 wani jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu ya ɓace hanya ya shiga sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka hallaka. Bayan wannan ne Shugaba Reagan ya yi alkawarin za a bar farar hula su amfana da taurarin in an gama su. Duk da haka sojan sun ci gaba da gurɓata saƙon da gangan, har kuskuren ya kan kai mita 100, sai a watan Mayu na shekarar 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina. Daga nan ne abin ya yaɗu sosai a motoci da wayoyin hannu. Rasha da Turai da Sin su ma kowa ya harba nasa.

Aikin tauraron ɗaya ne tak. Yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar cewa ni ne wane, ga inda nake, ga kuma lokaci. Na'urar da ke ƙasa ba ta aika masa da komai, saurare kawai take yi. In ta ji taurari huɗu, sai ta lissafa tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san inda take. Saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka in agogo ya kuskure da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an yi ɓatan mita 300 ke nan. Mun kawo wannan ne don masu cewa wai tauraro yana kallonsu daga sama su kwantar da hankalinsu. Tauraro bai san da kai ba. Mai kai rahotonka layin waya ne da aka saka a cikin tirakar, irin wanda ke cikin wayar aljihunka. Kunne ɗaya na tiraka yana sauraron sama, bakinta kuma yana magana da mai mota ta hanyar sabis ɗin waya.

Saƙon da ya taso daga wannan nisa, kafin ya iso ƙasa ya zama raɗa, har ya fi raɗa rauni. Abin da matoshi ke yi shi ne ihu a daidai zangon da raɗar ke bi, sai kunnen tiraka ya kasa jin komai. Ga inda matsalar take: ihu ba ya tsayawa a cikin mota ɗaya. Matoshi bai san tirakar ubangidanka ba, bai san ta motar da ke gefenka ba, bai san wayar ɗan tasin da ke neman gidan fasinja ba. Duk abin da ke sauraron sama a kewayensa ya kurmance. Wasu ma an haɗa su da abin toshe layin waya, ta yadda in haɗari ya auku a gabanka, wanda ya tsaya zai kira taimako ba zai samu ba.

Wannan ba zato ba ne, ya faru. A filin jirgin sama na Newark, kusa da birnin Niyok na Amurka, an kafa wata na'ura mai dogara da waɗannan taurari don taimakon jirage wajen sauka. A ƙarshen 2009 masu kula da ita suka ga tana ɗaukewa na ɗan lokaci, ta dawo, gobe ma ta sake. Aka shafe watanni ana bincike kafin a gano ashe daga babbar hanyar mota da ta bi ta gefen filin ne abin ke zuwa, direba ne ke wucewa da matoshi a motarsa. Ba a gama da wannan ba, a watan Agusta na 2012 aka sake samun cikas. Ma'aikacin hukumar sadarwa ta ƙasar ya bi sawun ihun da na'urarsa har ya tsaya a kan wata jar akori-kura. Direban bai yi gardama ba, ya ce ya saka ne don kada kamfanin da yake yi wa aiki ya san inda yake. Mutumin nan ba ɗan ta'adda ba ne, ba ɓarawo ba ne, bai ma san jirage na jin ihunsa ba. A 2013 hukumar ta yanka masa tarar dala 31,875, aikin da yake ɓoye-ɓoye a kansa kuma ya rasa shi. A Faransa ma, a 2017, wani ya ajiye motarsa a filin jirgin sama na Nantes ya manta matoshi a kunne, ya jawo jinkirin tashin jirage, kotu ta ci shi tarar yuro 2,000. A 2024 kuwa kamfanin jirgin saman Finlan sai da ya dakatar da zuwa garin Tartu na ƙasar Istoniya har wata guda saboda toshe saƙon taurari a yankin, ko da yake wancan aikin manya ne, ba na direbobi ba.

Mai karatu zai ce ina ruwanmu da Newark. To, duk wanda ya taɓa kai shanu mayankar Oko-Oba ya san titin Agege ta gefen filin jirgin sama na Murtala Muhammed ya bi, har ka kan ga jirgi yana saukowa kamar zai taɓa rufin gidaje. Mai fitowa daga Apapa zuwa Oshodi ma bai yi nisa da filin ba. A kan waɗannan hanyoyi motocinmu suke kwana suke tashi. Kuma ba jirage kaɗai ba ne, domin turakun wayar hannu da wasu na'urorin bankuna da na wutar lantarki da agogon taurarin nan suke saita nasu.

A bar maganar jama'a, a zo kan shi direban kansa. Wa ya fi kowa buƙatar a san inda mota take? Mai mota dukiyarsa ce a kan hanya, direba kuwa ransa ne, da na yaran motarsa. Wanda ya san dajin Birnin Gwari, ko tsakanin Lakwaja da Okene, ko hanyar Auchi zuwa Binin da dare, ba ya buƙatar a yi masa bayani. In 'yan fashi ko masu satar mutane suka tare mota suka karkatar da ita daji, wurin da tiraka ta yi magana ta ƙarshe shi ne farkon inda za a fara nema. Direban da ya toshe ta tun daga Ilori ya share sawunsa da hannunsa. Su ɓarayin ma ai matoshi kayan aikinsu ne. A ƙasar Meksiko fashin manyan motoci da matoshi ya yi yawa har a 2020 aka yi doka ta musamman, mai ɗaurin shekara 12 zuwa 15 ga wanda ya ƙera, ko ya sayar, ko ya yi amfani da shi.

Sa'an nan a duba wannan. An yi maka fashi na gaskiya, an kwashe buhunan shinkafa ko an zuƙe man tanka, Allah ya tsirar da ranka ka kai kanka ofishin 'yan sanda. Aka duba mota aka sami matoshi a ciki. Wane bayani za ka yi? Tirakar da za ta zama shaidarka, ta nuna ƙarfe nawa aka tsayar da kai da inda aka ja motar, kai ka rufe mata baki. Daga mai kai ƙara ka koma wanda ake tuhuma da haɗa baki, kuma ba alƙalin da zai ga laifin mai mota in ya yi wannan zargi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu mazauna nan. Mu baƙi ne, kuma kowa ya san irin kallon da ake yi wa motar da ta fito daga Arewa a wasu shingaye, na hukuma da na 'yan banga. Wuƙar yanka albasa ma ta kan zama magana. Ina ga wata na'ura mai ƙaho wadda kai kanka ba ka iya bayanin ta da Turanci ko da harshen garin? Kafin a gane cewa don gudun faɗan ubangida ka saye ta, labari ya riga ya zagaya kasuwa cewa an kama Bahaushe da na'urar masu satar mutane, kuma mai shayi da mai facin taya da ɗan dako, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su ne za su kwana da fargaba. Dokar sadarwa ta Nijeriya ta 2003 kuma ba ta bar ƙofa ba: ba a amfani da zangon rediyo sai da izini, na'urar sadarwa kuma sai wadda Hukumar NCC ta amince da ita. Na'urar da aikinta kawai ta hana sadarwa ba ta da hanyar samun wannan amincewa.

Abin takaici ma, kuɗin banza ne. Mai talla ba zai gaya maka cewa mai mota yana ganin giɓin ba. Mota tana Jebba ƙarfe tara, ta ɓace, ta bayyana a Ogbomosho da asuba, yaro ma ya san an yi wani abu. Tirakoki da yawa suna aika gargaɗi da zarar sun ji ana toshe su, wasu kuma in sun rasa taurari sai su ƙiyasta wuri da turakun waya.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direba ba ya tashi haka kawai ya kashe kuɗin guminsa a kan abin da zai jefa shi cikin haɗari. Mun san akwai marasa amana, masu zuƙe gas su sayar a bakin hanya, masu karkatar da lodi, masu ba yaron mota tuƙi su kwanta barci. Waɗannan tiraka ta yi maganinsu, kuma ba mu da abin cewa sai madalla. Sai dai yawancin direbobi ba haka suke ba, kuma kukansu yana da tushe.

Tiraka tana nuna mota ta tsaya awa shida. Ba ta nuna dalili. Ba ta san tirela ta faɗi ta tare hanya a Mokwa ba, ba ta san layin shinge ba, ba ta san an riƙe takardu ana jiran na goro ba, ba ta san mutum ya tsaya salla ko barci ya ci ƙarfinsa ba. Lokacin da gadar Tatabu ta karye a daminar 2017, tsakanin Mokwa da Jebba, motoci nawa suka yi kwanaki a tsaye ko suka yi zagaye mai nisa? Yaron ofis da aka ba kwamfuta, wanda bai taɓa wuce Ojota a gaban babbar mota ba, shi ne zai duba allo ya rubuta cewa direba ya yi lalaci, a yanke masa kuɗi. Sakamakon haka direba ya koyi cewa tsayawa laifi ne, sai ya sha abin hana barci ya yi ta tuƙi, ƙarshenta mai motar da ke tsoron asarar awa shida ya yi asarar motar ɗungurungum, iyalin wani kuma su yi asarar uba.

Haka nan shirun tiraka ba kullum ne laifin direba ba. Tun da bakinta layin waya ne, duk inda babu sabis ta yi shiru, kuma dazuzzukan hanyarmu da yawa babu shi. A watan Satumba na 2021 gwamnati da kanta ta sa aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk motar da ta shiga can a lokacin ta ɓace daga allon mai ita ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Tiraka mai kyau ta kan adana bayanin tafiya ta aiko in ta sami sabis, saboda haka mai mota ya jira ya gani kafin ya kira mutum ɓarawo. Wayar da ta kwance ko batir da ya mutu ma suna sa ta shiru, kuma mai wayarin zai iya tabbatar da haka cikin minti kaɗan.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne kashe inji daga nesa. Tirakoki da dama an haɗa su da abin yanke mai ko wuta, mai mota ya aika saƙo kawai mota ta mutu. Don ɓarawo aka yi wannan, kuma a nan yana da amfani. Amma mota mai ɗauke da tan 30 in injinta ya mutu tana gangara, sitiyari ya yi nauyi, iskar birki ta daina taruwa, abin da zai biyo baya sai dai a ce Allah ya kiyaye. Wanda ya yi haka don ya huce haushi a kan direba yana wasa da rayukan mutanen da ba su ci masa bashi ba. Masu kirki a cikin masu haɗa na'urar suna saita ta yadda ba za ta yanke ba sai mota ta tsaya ko ta rage gudu ƙwarai, kuma bai kamata a yarda da wadda ba haka take ba.

Matasanmu masu babur da keke su ma abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya ke nan. Yaro ya biya balas na wata takwas bai fasa ba, ya yi zazzaɓi na kwana uku, sai a kashe masa keke a tsakiyar titi da fasinja a ciki, cikin garin da ba shi da kowa. Irin wannan yaron ne mai tallar matoshi ke nema, ko kuma ya kai wa mai wayarin a cire tirakar, daga nan kuma magana ta tashi daga bashi ta koma sata. Muna jan kunnensu: kafin ka dangwala hannu a takarda, ka kai ta wurin wanda ya iya karatu a cikin shugabannin ƙungiyarku ko fadar Sarkin Hausawa, a karanta maka kwana nawa aka ba ka in ka gaza biya, da kuma ranar da za a cire tirakar ko a miƙa maka ikonta in ka gama. Mutum ya gama biyan kekensa amma har yanzu wani na iya kashe masa shi daga ofis, wannan ba mallaka ba ce.

Akwai kuma tirakokin da ke da abin ɗaukar murya, mai mota ya kira layin ya saurari hirar da ake yi a gaban mota ba tare da kowa ya sani ba. Bin sawun mota haƙƙin mai ita ne. Sauraron hirar magidanci da matarsa a waya kuwa leƙen asiri ne, addini bai yarda da shi ba, al'ada ma haka. A watan Yuni na 2023 an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta tanadi cewa mai tattara bayanin mutum ya sanar da shi abin da yake tattarawa da dalilinsa. Masu motoci su nemi lauyoyinsu su yi musu bayaninta.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar NARTO ta masu motoci, da NURTW, da reshen direbobin tanka na NUPENG, su zauna su fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce, da Hausa da Turanci, a manna ta a kowace tasha. A gaya wa direba tun ranar da aka ba shi makulli cewa akwai tiraka da abin da take iya yi. A rubuta awowin hutu da na salla a cikin lissafin tafiya. Kada a yanke wa kowa kuɗi a kan abin da allo ya nuna sai an ji ta bakinsa, a gaban wakilin ƙungiya in ya nema. A kuma ba direba lambar wanda ke duba allon, wanda zai ɗauki waya ko ƙarfe biyu na dare ne, don tirakar ta yi masa amfani shi ma ranar da ya shiga hannun miyagu. Shugabannin tasha kuma su hana mai tallar matoshi shimfiɗa kayansa a cikinsu, kamar yadda ba za su bar mai sayar da makullan sata ya yi ba.

Hukumar Kwastan da NCC su ma aiki na gabansu. Daga waje ake shigo da waɗannan na'urori, ta tashar ruwa da ta sama, wasu kuma ta intanet ake yin odarsu a kawo har gida. Kama direba ɗaya a shinge ba zai rage komai ba muddin mai shigo da katan-katan yana zaune lafiya a shagonsa. Sanarwar da za a yi kuma a yi ta a rediyo da harsunan da direbobi ke ji, don yawancinsu ba su taɓa jin cewa abin laifi ne ba.

Wanda kuma yake da matoshi a motarsa yau, ya cire shi kafin ya tayar da inji. Kada ya sayar wa wani, kada ya ba yaron mota, kada ya ajiye a akwatin gaba da sunan ai ba a kunne yake ba, don mai bincike a shinge ba zai tambayi wannan ba. Ya fasa shi da guduma, ko ya miƙa wa shugaban tasharsu. In kuma akwai abin da ke tsakaninsa da ubangidansa wanda ya sa ya saya tun farko, ko kuɗin abinci ne da ba ya isa, ko yankan albashi, ya kai maganar ofishin ƙungiya a kira mai motar a zauna.